Kankaren Feshi: Yadda Aka Faɗaɗa Gidan Tarihin Halittu na New York

Masu kallo, ku dubi wannan zaure da kyau. Kai ka ce kogon dutse ne da ruwa ya ƙwaƙule, alhali kankare ne zalla. Wannan ita ce Cibiyar Gilder, sabon ɓangaren Gidan Tarihin Halittu na Amurka da ke birnin New York, wadda aka buɗe a watan Mayun 2023. Kamfanin Studio Gang ne ya zana ta, injiniyoyin kamfanin Arup kuma suka yi lissafin ƙarfinta.

Ƙari a jikin tsohon gini ya fi sabon gini a fili wuya. Ginin farko na wannan harabar tun 1877 yake tsaye, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta daɗe da gama zama. Sabon kuwa yanzu zai fara danna tasa. Idan aka ɗaure su tamau, ɗaya ya sauka ɗaya ya tsaya, mahaɗar ce za ta tsage. Shi ya sa ake ba sabon gini harsashinsa daban, a bar 'yar tazara tsakani, a rufe ta da murfi mai motsi. A nan kuma ba mahaɗa ɗaya ba ce: gine-gine 10 aka sada ta wurare 33.

Sai batun nauyi. Daɓen gidan zama ana lissafa masa kusan kilo 200 a kowace murabba'in mita. Na zauren baje koli, inda jama'a ke cincirindo, yakan kai kusan 500, ban da manyan kayan nuni da ake lissafawa daban.

To bangon mai lanƙwasa fa? Da katako za a kafa masa a zuba kankare a ciki kamar yadda aka saba, da kafintoci sun sha wahala, don babu lungu biyu masu kama da juna. Sai aka lanƙwasa rodi bisa siffar da kwamfuta ta fitar, aka fesa kankare a kai da mesa mai ƙarfin iska, sannan aka gyara fuskar da hannu. Bangon da kuke gani shi ne ke ɗauke da benayen, ba ado ba ne aka liƙa wa fila. Abin sha'awa, wanda ya ƙirƙiro na'urar feshin a 1907, Carl Akeley, daga baya a wannan gidan ya yi aiki.

Amma feshi ba ya yafe sakaci. Bakin mesa ya fuskanci bango kai tsaye, daga nisan kamar mita ɗaya. Idan aka karkata, tsakuwa ta yi ta faɗowa, abin da ya manne ya yi rauni. Mafi muni shi ne kogon da ke ɓuya a bayan rodi: kankare ya taru a gabansa, bayan ya zama fayau, daga waje kuma ba a ganin komai. Don haka kafin a ba mai feshi bango, sai ya fesa allon gwaji mai rodi iri ɗaya, a huda shi a ciro gunduwa a duba cikinta. Bayan feshi a riƙa jiƙa bangon aƙalla kwana 7 kada ya tsattsage, ƙarfinsa kuma a kwana na 28 ake auna shi.