Sharhi: Mutanen bayan dutse a yaƙin 'yancin Amurka

Jama'a masu sauraro, in ana hirar yaƙin 'yancin Amurka, sunan George Washington ne ke fara zuwa baki. To amma akwai wasu manoma da maharba na bakin iyaka, waɗanda ake kira mutanen bayan dutse, da suka juya akalar yaƙin a kudancin ƙasar cikin sa'a guda.

Rigimarsu da Ingila ta girmi yaƙin. A 1763 Sarki George na Uku ya hana Turawa kafa gida a yammacin duwatsun Appalachia, don ƙasar 'yan asalin wurin ce. Suka yi kunnen uwar shegu da dokar, suka tsallaka, suka sare daji a kwarin kogin Watauga, inda yau yake jihar Tennessee. Ƙasar noma ce ta jawo su cikin yaƙin, fiye da batun harajin shayi da Ingila ta ɗora wa Amurkawa.

A 1780 Ingila na kan ganiyarta: ta ci Charleston a watan Mayu, ta tarwatsa rundunar Amurka a Camden a watan Agusta. Sai Manjo Patrick Ferguson, mai jagorantar kimanin mutum 1,100 'yan Amurka masu biyayya ga sarki, ya aika wa mutanen bayan dutse cewa in ba su ajiye makami ba zai hauro ya rataye shugabanninsu, ya ƙone gonakinsu. Nan ya tsokano tsuliyar dodo. Ranar 25 ga Satumba suka taru a Sycamore Shoals ƙarƙashin Isaac Shelby da John Sevier da William Campbell, kowa da dokinsa da bindigarsa da guzurin soyayyar masara. A Cowpens suka zaɓi mutum 900 masu ƙarfafan dawakai, suka kwana suna tafiya cikin ruwan sama, suna nannaɗe bindigogi da barguna don kada albarushi ya jiƙe.

Ranar 7 ga Oktoba suka tarar da Ferguson a kan tudun Kings Mountain. Shi yana ganin tudu kariya ne, alhali shi ne ajalinsa. Ƙolin fili ne, gangaren kuwa cike da itatuwa. Mutanensa na riƙe da bindiga mai saurin ɗuri, kamar harbi uku a minti, mai wuƙa a baki, amma saitinta ba ya kai mita 100. Maharban kuwa doguwar bindigar farauta ce a hannunsu: ɗurinta na cin kusan minti ɗaya, ba ta da wuƙa, amma tana samun mutum daga mita 200. Ga kuma wata matsala da kowane maharbi ya sani: mai harbi daga sama zuwa gangare yakan ɗaga baki fiye da kima, harsashi ya wuce ta saman kai. Duk sanda Ferguson ya sa aka sauko da wuƙaƙe, sai su ja da baya su laɓe bayan itatuwa su sake ɗuri, 'yan ɗaya gefen kuma su hauro. Aka harbe shi a kan dokinsa, aka kama sama da mutum 600. 'Yan bayan dutse sun rasa 28. Janar Cornwallis, kwamandan sojan Ingila a yankin, ya bar garin Charlotte ya koma kudu, bayan shekara guda ya miƙa wuya a Yorktown.

Sai dai bai kamata a tsaya nan ba. An ci gaba da harbin wasu bayan sun ɗaga farar tuta, an kuma rataye fursunoni tara bayan wata shari'ar gaggawa. Kafin shekarar ta ƙare, Sevier ya shiga ƙone garuruwan ƙabilar Cherokee, waɗanda da yawansu suka bi Ingila don kare ƙasarsu daga waɗannan baƙin. Da aka yi sulhu a Paris a 1783, Ingila ta miƙa ƙasa har bakin kogin Mississippi ba tare da an kira wakilin Cherokee ko ɗaya ba, a 1838 kuma sojan Amurka suka tasa ƙeyar mafi yawansu zuwa yamma.