Etrian Odyssey na biyu: wa ya kamata ya buga shi?

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, da duk mai kallonmu daga ko'ina. Yau mun ɗauko Etrian Odyssey II, wasan da kamfanin Atlus na Japan ya fitar a 2008 a kan Nintendo DS, 'yar na'urar hannun nan mai fuska biyu. Na farkon ya fito a 2007. Tambayar da kuke ta turowa ita ce, na biyun ya kai a ba shi lokaci? Ni dai amsata, ya kai. Amma ba kowa zai iya da shi ba, kuma zan faɗa muku dalili.

Labarin gajere ne. Akwai wani gari mai suna High Lagaard, a tsakiyarsa wata ƙatuwar bishiya, cikin bishiyar kuma daji ne hawa-hawa har hawa 30. Ana raɗe-raɗin cewa can ƙololuwa akwai wata fada da ke yawo a sararin sama. A wasan farko ƙasa ake nutsawa, a wannan kuwa sama ake hawa. Ba sai kun buga na farkon ba kafin ku gane wannan.

To, ku dubi fuskar ƙasa ta na'urar. Kun ga babu komai sai layuka a kan fili? Wannan taswira ce, kuma ku za ku zana ta da hannunku. Ku taka taki ɗaya, ku ja layin bango da ɗan tsinken rubutu. Kun ga ƙofa, ku sa alama. Kun tarar da wata ɓoyayyar kafa a jikin bango, ku rubuta ta, don gobe ita za ta rage muku tafiya. Duk wanda ya taɓa shiga lungunan unguwar Birni ta Damagaram yana baƙo ya san yadda kowace kwana ke kama da 'yar'uwarta, haka dajin nan yake. Idan kuka yi ganganci wajen zane, ku za ku ɓata da kanku. A nan daɗin wasan yake, wallahi. Bayan 'yan kwanaki za ku ga hawan da ya ba ku tsoro ya zama gida, kun san inda ake saran itace, kun san inda dodo ke kwana. Ko an kashe muku kowa, wasan yana barinku ku ajiye taswirar.

Mutum biyar kuke shiga da su, sahun gaba da sahun baya, kuma ku ne kuke haɗa su daga sana'o'i 12. Tara tun daga wasan farko suke, uku sabbi ne: ɗan bindiga, da likita mai riƙe takobi, da dabba mai tare wa 'yan'uwa duka. Faɗan bi-da-bi ne, ba saurin yatsa ake so ba, tunani ake so. Misali, ana iya ɗaure wa abokin gaba kai, ko hannu, ko ƙafa. Aka ɗaure kai, ba shi da bakin yin tsafi. Aka ɗaure ƙafa, ba shi da kaucewa. Shi ya sa nake ba ku shawara ku sa matsafi cikin ayarinku, yana da ƙarfi ƙwarai a wannan wasan.

Yanzu ga wahalar. Wannan dunƙulen da kuke gani yana motsi a taswira shi ake kira FOE, manyan dodanni ne da ke yin taki ɗaya duk lokacin da kuka yi ɗaya. Tun a hawayen farko akwai wanda zai share muku ayari cikin bugu biyu ko uku. A fitowar DS, ko kun sha wuya kun kashe shi, ba ya ƙara muku maki na girma, sai dai ku sayar da abin da ya yar. Wannan hukunci bai yi mini ba, ya yi tsauri. Ga kuma talauci a farko: kuɗin masauki, kuɗin asibiti, kuɗin zaren da ke maido ku gari nan take. Kada ku kuskura ku shiga daji babu zaren nan. Kuma idan kun haɗu da wani ɗan kurege mai ban tausayi, ku janye hannunku, ɓarawon zare ne.

Mai son dogon labari da hirar jarumai, gaskiya zai gaji. Mutanenku ba sa magana, ku ne kuke ba su suna da hali a cikin ranku. Kiɗan dai na Yuzo Koshiro ne, kuma ku sa abin kunne idan kun wuce hawa biyar na farko kun kai daji na biyu mai jajayen ganye.

Wanne za ku nema? Na DS bai taɓa fitowa a Turai ba, don haka da Ingilishi ko Japananci yake, abin da zai takura wa da yawa daga cikinmu da muka yi lakwal da Faransanci. An sake gina shi a kan 3DS, na'urar da ta gaji DS, da suna The Fafnir Knight, aka ƙara labari mai jarumai, sai dai an rufe shagon intanet na 3DS tun watan Maris na 2023. Wanda nake ba ku shawara ku nema shi ne na watan Yuni 2023, Etrian Odyssey II HD, a kan na'urar Nintendo Switch da kwamfuta. Yana da Faransanci, yana da matakan wahala uku, kuma kuna iya sa shi ya riƙa zana muku bango da kansa. Ni dai ku bar wannan a kashe, ku zana da kanku.

Da zarar kun sauke shi a Switch ba ya bukatar intanet, kuma tunda ba ya motsi sai kun motsa, kuna iya ajiye shi ku karɓi shayi a fada ku dawo. Ga mai doguwar tafiyar mota zuwa Yamai, ku cika batir kafin ku tashi. Ku fara a matsakaicin mataki, ku ba shi hawa biyar na farko har ku gamu da Chimaera, babban dodon da ke tsare hanyar daji na biyu. Idan kun kayar da shi kuma kun ji kuna son ganin abin da ke sama, to wasan naku ne.