Buhun littattafan marigayi Alhaji, a Nima

Assalamu alaikum jama'a, daga Nima nake magana, nan Akra. Yau raina a ɓace yake wallahi. Na fito shan koko da ƙosai da safe, sai ga ɗan maƙwabcinmu yana jan buhu, wai zai kai fili ya ƙona. Na leƙa, ashe littattafan mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa. Na ce, "Ƙanena, lafiya?" Ya ce, "Yaya, ɗakin za mu ba da haya, kuma ba na so a wulaƙanta sunan Allah. Ai duk suna cikin waya yanzu." Niyyarsa kyakkyawa ce, ban musa ba. Na ba shi sidi 50 na shan ruwa, na kinkimo buhun.

To ku duba wannan. Bari in matso da ita kusa. Risala ce, bangon ya rabu, an ɗinke da zaren buhu. Ku kalli gefen shafin nan: ga ajami da baƙar tawada, rubutun saurayi, a miƙe tsaf. Ƙasa da shi ga biro shuɗi, ya gyara abin da ya rubuta da farko. Can ƙasa kuma hannu ya soma rawa, harafi ya yi girma, ido ya raunana. Mutum ɗaya ne fa, littafi ɗaya, ya yi ta dawowa har tsufa. Wace waya ce za ta ba yaron nan wannan?

Ni ma a zauren malaminmu a Kano na yi Risala, bayan Ahalari da Ishmawi. Da aka zo babin ciniki, baki kawai ke bi, hankali na wajen ƙwallo. Sai da na zo ƙasar nan na shiga kasuwa, yau bashi, gobe canjin naira da sidi, sannan na sake buɗe babin. Inda aka ce canjin kuɗi sai hannu da hannu, na daɗe a wurin ban juya shafi ba. Karatun da na ɗauka na gama tun ina yaro, ashe lokacin ya fara yi mini magana. Tun daga nan akwai cinikin da na daina, ko da riba ta kira.

Kuma kada wani ya ce Hausawan zango ba su gaji littafi ba. Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano ne, ya zauna Salaga, ya ƙare a Kete Karaci, duk a nan ƙasar Gana, can Kete Karaci ya rasu a 1934. Waƙoƙinsa na Hausa da Larabci sun kai gare mu ne saboda almajirai sun kwafa sun adana. Jami'ar Gana da ke Legon ma ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce. In na tuna haka kaina har fasuwa yake.

Amma in gaya muku, garin nan ba Kano ba ne. Can ka jefa littafi saman sif, ƙura ce kawai matsalarka. Nan iskar teku da laima sai su sa takarda ta yi fumfuna, shafi ya manne da shafi. Kada ka kuskura ka ajiye kwali a ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da nake nufi. Ka ɗaga sama, ka riƙa shanyawa in hunturu ya shigo. Aro kuwa, ni na daina bayarwa; mai so ya zo ya zauna a tabarmata ya karanta, in haɗa masa shayi.

Duk mai tahowa daga Kano cikin watan nan, don Allah ya biya Kasuwar Kurmi ya sayo mini gafaka ta fata, babba, zan biya ko nawa ne.