Ciwon sanyi: a gwada fitsari kafin a haɗiyi magani

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Katsina da Daura. Daga nan Ingila nake gaishe ku. Yau maganar ciwon sanyi na mafitsara za mu yi: zafi wurin fitsari, yawan zagayawa, ɗan kaɗan ya fito, mara tana ciwo. Ya fi kama mata, domin hanyar fitsarinsu gajeriya ce, ƙwayar E. coli da ke cikin bayan gida ba ta da nisan tafiya.

Abin da ke damuna, da an ji zafin sai kemis, a sayo Ampiclox ko Septrin. Iyayena mata, don Allah ku dakata. In kin fara shan magani kafin gwaji, ƙwayar kan ƙi tsirowa in an shuka ta a ɗakin gwaji, takarda ta ce ba komai, ciwo kuwa yana nan.

Gwajin iri biyu ne. Na farko wani ɗan tsinke ne mai gidaje kala-kala. Tsoma shi ake yi a fitsari, cikin minti biyu ya canza launi. Alama kawai yake bayarwa. Na biyu shi ne wanda likita ke rubuta M/C/S a takarda: a duba da madubin likita, a shuka ƙwayar a faranti, sannan a gwada mata magunguna a ga wanda zai kashe ta. Shi yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Wanda ya miƙo maka sakamakon shuka cikin awa ɗaya, ba shuka ya yi ba.

A Katsina akwai ɗakin gwaji a Asibitin Koyarwa na Tarayya, da babban asibitin cikin gari, masu ciki kuma ga asibitin Turai. A Daura a fara da babban asibiti. In ɗakin gwaji na kuɗi za ka, tambayi abu uku: a nan suke shukar ko aikawa suke yi, suna da rajista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaji, kuma me ke riƙe musu wuta in an ɗauke? Akwatin shukar sai ya zauna a zafin digiri 37 dare da rana.

Yanzu ɗibar fitsarin, a nan aka fi ɓata aiki. Su za su ba ki kwalba mai murfi, sabuwa. Ban da kwalbar magani da aka ɗauraye a gida. Na farkon safiya ya fi. Wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa zalla daga gaba zuwa baya. Ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, kamar mililita 10 zuwa 20, rabin kwalbar nan ya isa. Kar yatsa ya taɓa cikin murfin. A kai cikin awa 2. Da zafin Katsina, kwalbar da ta wuni a jaka ƙwayoyi sun hayayyafa a cikinta, sakamakon ya zama na ƙarya. In da nisa, a sa a firiji, amma kar ya wuce awa 24. Gara ma a ɗiba a can.

Ba duk abin da muke kira sanyi ne na mafitsara ba. Ƙaiƙayi da fitar farin ruwa gwajinsu daban, da auduga ake ɗauka. Yaron da ke wanka a dam, Ajiwa ko Jibia, yana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya za a nema. Nasa na ƙarshen ake tara, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita.

Mai ciki ta nemi gwajin a wurin awo ko ba ta jin komai. In kuwa akwai zazzaɓi, rawar sanyi, amai ko ciwon kwiɓi, ya yiwu ya hau ƙoda. A ba da fitsarin, a ga likita ranar, zai fara magani kafin sakamako ya fito, ya canza in takardar ta nuna wani.