Tafin da muke yi wa Chomsky daga Gusau

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wani zama da na yi a wata majalisa a Tudun Wada, nan cikin Gusau, shi ya hana ni barci har na ɗauko wannan magana. Bayan sallar isha'i ne. Akwai malamin makaranta a wurin, akwai ɗalibin jami'a, akwai ma'aikacin gwamnati. Waya ɗaya ke yawo hannu zuwa hannu, ana kallon wani dattijon Bature yana magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Noam Chomsky ke nan. Duk wanda ya kalla sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi tsohon nan namijin duniya ne." Awa biyu cur ana yabonsa, ana tsine wa Amurka. A cikin awa biyun nan ba wanda ya tayar da zancen cewa ɗaya daga cikinmu ya fasa zuwa ɗaurin auren ƙanwarsa a Ɗansadau saboda hanya ba ta biyuwa. Shi kansa bai faɗa ba, sai da muka tashi ya goya ni a babur.

Kada wani ya ce na raina mutumin. An haife shi a Amurka a 1928, Bayahude ne, malamin ilimin harshe ne da ya yi shekaru da dama yana koyarwa a jami'ar MIT. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya rubuta maƙala a kan nauyin da ke wuyan masu ilimi, ya ce aikinsu faɗar gaskiya da tona ƙarya. A shekarar nan aka kama shi a zanga-zangar da aka yi a ƙofar ma'aikatar tsaron ƙasarsu. Ya soki mamaye Iraƙi a 2003. A 2010 Isra'ila ta hana shi shiga Gaɓar Yamma, yankin Falasɗinawa, inda zai yi lacca a jami'ar Birzeit. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa a cire masa hula.

To amma a tsaya a duba wa yake suka. Gwamnatinsa ce. Sojojin ƙasarsa ne, jaridun ƙasarsa ne, harajin aljihunsa ne ake sayen bama-baman da shi. An sha tambayarsa me ya sa kullum bakinsa na kan Amurka alhali wasu ƙasashen ma suna ɓarna, amsarsa kuma ba ta sauya ba: mutum ya fi ɗaukar alhakin ɓarnar da ake yi da sunansa, wadda yake da halin tsayar da ita, zagin azzalumin da ke wata uwa duniya abu ne mai arha, kowa na iya yi. Wannan shi ne ginshiƙin tunanin mutumin, kuma shi ne daidai abin da muka tsallake muka hau tafi. Bahaushe ya riga shi faɗa ma: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai littafin da suka rubuta da Edward Herman a 1988 a kan yadda kafafen yaɗa labarai ke juya tunanin jama'a. A ciki sun raba waɗanda aka zalunta gida biyu: waɗanda ake ganin sun cancanci kuka, da waɗanda ba a ganin sun cancanta. Sun kawo misalin wani limamin coci ɗaya da jami'an tsaron gwamnatin gurguzu ta Foland suka kashe a 1984, suka auna shi da malaman coci ɗari da aka kashe a ƙasashen Latin Amurka masu ɗasawa da Washington. Manyan jaridun Amurka sun yi rubutu a kan mutum ɗayan nan fiye da ɗarin gaba ɗaya, don shi abokin gaba ne ya kashe shi, su kuma 'yan gida ne.

Yanzu mu ɗora ma'aunin nan a kanmu, in muna da ƙarfin hali. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Watanni kaɗan bayan nan aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji. A watan Janairun 2025 jirgin yaƙin ƙasarmu, namu na kanmu, ya jefa wuta a Tungar Kara ya kashe mutanen da suka fito korar ɓarayin daji. Ina tambayar masu tura hoton Chomsky a Facebook da WhatsApp: cikinku wa zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga mamatan Tungar Kara? Wa ya bi diddigin binciken da aka ce za a yi? Kukanmu a kan Gaza halal ne, ni ma ina yin sa. Amma in hawayenmu na zuba ne kawai idan Bature ne ya yi kisan, to cutar da littafin nan ya bayyana ta kama mu, sai dai mu ta bayan gida ta shigo.

Na san abin da za a ce. Ai Turawan ne tushen fitinar, su suka rusa Libiya a 2011 makamai suka malalo Sahel. Na ji. Amma ba NATO, ƙungiyar ƙawancen sojan Turawan, ke kai wa ɓarayi burodi da fetur a daji ba, ba ita ke tsegunta musu wa ya sayar da shanu ranar kasuwa ba, kuma ba ita ke karɓar kuɗin tsaro duk wata ba tare da an nuna wa kowa lissafi ba. A bar wannan zancen.

Hujjar da ke sa ni jinkirtawa ita ce ta tsoro. Chomsky ya yi magana yana cikin jami'ar da ke karɓar kuɗin bincike daga ma'aikatar tsaron da yake suka, kuma ba a kore shi ba. Mu nan, a watan Oktoban 2022, gwamnatin jihar nan ta lokacin ta ba da umarnin rufe gidajen rediyo da talabijin saboda sun ɗauko taron 'yan adawa. A 2021 an kashe layukan waya a jihar gaba ɗaya. Manomin da ke biyan ɓarayi kuɗi kafin ya girbe gerorsa, ba ni da bakin ce masa ya fito ya yi ihu. Da masu digiri nake, masu albashi, masu data, waɗanda ke kwana a cikin gari. Tsoronku na fahimce shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lulluɓe tsoron nan da rigar jarumtar wani, a zagi Fadar White House da dare a ji kamar an sauke farali.

Kuma wai sai mun je Amurka aron gwani? Malam Abdullahin Gwandu, ƙanin Shehu, ana 'yan shekaru da fara jihadi ya ga mutanensa sun karkata ga mulki da tara dukiya. Bai kama sunan Gobirawa ba, nasa ya soka, ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi har ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki da adalci. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya soki mulkin mallaka iya suka, amma har ya rasu a 2005 bai ɗaga wa masu mulkin ƙasar nan ƙafa ba, kuma ya tona yadda manya ke wasa da addini don su raba talakawa. Sau nawa aka zagaya da hotonsa a majalisarku?

Kada kuma a ce magana ba ta aiki. Lokacin da aka riƙe kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega da ke Anka daga gubar dalma, yara na ta mutuwa, wasu matasa ne suka tasa gwamnatin tarayya gaba da tambaya ɗaya a intanet, ina kuɗin, har aka sake su a farkon 2013.

Ƙananan hukumomi 14 gare mu a Zamfara, kuma abin da kowace ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, ba sirri ba ne. Na buga na wata uku a takarda. Daren Alhamis zan kai shi majalisar nan ta Tudun Wada in ajiye a kan tabarma kusa da butar shayi, in ga mutum nawa za su zauna awa biyu a kansa.