Ana iya ƙwace fasfon Birtaniya, har na yaron da aka haifa a nan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga nan Ingila nake muku magana, kuma ina roƙon iyaye musamman su saurare ni har ƙarshe.

Da yawanmu muna ɗauka ranar da mutum ya yi rantsuwa aka miƙa masa takardar zama ɗan ƙasa, shi ke nan ya tsallake siraɗi. Dokar ba haka ta ce ba. Sashe na 40 na dokar zama ɗan Birtaniya ta 1981 ya ba ministan cikin gida ikon soke wa mutum wannan matsayi ta hanya biyu. Ta farko, idan aka gano da ƙarya ya samu: sunan aro, ranar haihuwar da aka sauya, ko ya ambaci wata ƙasa da ba tasa ba lokacin neman mafaka. Wannan ba ta da wa'adi, ko bayan shekara 20 aka tono fayil ana iya dawowa kanka. Duk wanda wani ejan ya cike wa fom a can baya, don Allah ya nemi lauya ya duba abin da aka rubuta da sunansa.

Ta biyun ce ke hana ni barci. Minista na iya cewa cire ka shi ne maslahar jama'a, ba sai kotu ta same ka da laifi ba. Babban shingen shi ne kada a bar mutum babu ƙasa ko ɗaya. Shamima Begum a Ingila aka haife ta, ta tafi Siriya a 2015 tana da shekara 15 ta shiga ƙungiyar IS. A 2019 ministan cikin gida na lokacin, Sajid Javid, ya soke mata zama 'yar ƙasa, bisa hujjar cewa tana da ƙasar iyayenta, Bangladesh, duk da hukumomin can sun ce ba tasu ba ce. Ba kare abin da ta aikata nake yi ba, wallahi. Hujjar nake so ku duba.

Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce yaron da aka haifa a waje, muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. Ke nan 'ya'yanmu suna da wata ƙasar a takarda, ko da ba su taɓa taka ta ba. Yara biyu a asibiti ɗaya aka haife su, aji ɗaya suke zama, ɗaya ana iya ƙwace nasa fasfon, ɗayan ba a iyawa. Ni ban ga adalci a nan ba.

Wata doka ta 2022 kuma ta yarda a wasu yanayi a soke ba tare da an sanar da mutum ba. Ɗaukaka ƙara tana nan, amma in maganar tsaro ce wata kotu ta musamman ake zuwa, SIAC, inda ake sauraron wasu hujjojin a asirce, kai da lauyanka ba ku ganinsu.