Turi Ba Ya Tsufar da Waƙa: Ga Inda Sautin Garaya Yake Zubewa

[Rumfar cajin waya, ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. Wayoyi jere a kan tebur, wani yaro na zare memori.]

Assalamu alaikum, jama'a. Kwanan nan wata magana tana ta yawo a rumfunan caji da majalisun masu son kiɗan gida, irin mutanen nan da za su hau babur su bi wani mai gurmi har ƙauyensu don kawai an ce musu hannunsa da daɗi. Wai waƙa tsufa take yi idan aka yi ta turinta daga waya zuwa waya. Wasu sun ce kada ka karɓi wadda ta wuce hannu uku. Har akwai mai cewa shi ba ya ba kowa tasa ta Bluetooth, don kada ta cikin wayarsa ta ragu. Sai ka ce man shanu ake lakata.

Ba za mu yi musu dariya da yawa ba, domin maganar tana da asali. Zamanin kaset haka abin yake. Ka sa kaset biyu a rikoda ka kwafa, na biyun sai ya fito da ɗan shuuu a ƙasan waƙar. Ka kwafa daga na biyun, shuuu ɗin ya ƙaru, muryar 'yan amshi ta dusashe. Duk wanda ya tashi a kan kaset ɗin Shata da ya zaga gidaje goma ya san wannan sautin. To amma waya ba kaset ba ce.

[Wayoyi biyu gefe da gefe, an buɗe bayanan fayil a kowace.]

Ku duba nan da kyau. Wannan kiɗan garaya ne na minti 10, an adana shi a MP3 mai kilobit 128 a kowace daƙiƙa. Girmansa megabait 9.6 ko kusa da haka. Mun tura shi ta Xender zuwa waya ta biyu. Ku karanta lambar. Daidai take. Daga ta biyu zuwa ta uku ta Bluetooth, wanda ya fi jan ƙafa, ku yi haƙuri, mun yanke jiran. Lamba dai ita ce. Daga nan zuwa memori, daga memori zuwa kwamfutar mai turi, daga kwamfuta zuwa 'yar rakani-kashin Baba mai shayi. Hannu biyar ke nan, ko ƙwayar gero ba ta zube ba.

Dalili kuwa, fayil lambobi ne zalla. Abin da turi yake yi shi ne ya rubuta waɗannan lambobin a wata wayar, ɗaya bayan ɗaya, yadda suke. Ko dai su isa cif, ko turin ya katse wayar ta gaya maka bai tafi ba. Tsufa a hanya babu shi. Da za a tura wannan fayil ɗin daga nan zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya kwana a Wudil ranar Juma'a, ya dawo Gujungu wata Lahadin, abin da ya fita shi zai dawo.

To me ya sa waƙar da ta zo wayarka take ƙara kamar ana kaɗa gwangwani a cikin rijiya? Nan ne wurin da za mu zauna, ku gyara zama.

Ba turi aka yi mata ba. Sake ɗaukar ta aka yi, ko aka sake matse ta. Mutane suna kiran duka biyun turi, shi ya sa aka rikice.

[Babban yatsa a kan alamar makirufo ta WhatsApp. Mai garaya na kiɗa a bayan fage.]

Ga babban mai laifin. Mutum yana gindin makaɗi, kiɗa ya yi daɗi, yana so abokinsa na Kano ya ji, sai ya danne wannan 'yar alamar makirufon ya saki. Wannan maɓallin don magana aka yi shi. Don ka ce wa ƙaninka ya taho da taki buhu biyu. Tsarin da yake amfani da shi sunansa Opus, kuma a nan an saita shi ya fitar da fayil ƙarami sosai don kada ya ci data. Muryar ɗan'adam ba ta da buƙata mai yawa kafin a gane ta. Layin tarho na da can, tsakanin hez 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka (hez shi ne ma'aunin kaifin sauti, yawan lambar yawan kaifin), kuma ana jin magana ras. Kunnen matashi mai lafiya kuwa yana kaiwa wajen hez 20,000. Daɗin kayan kiɗanmu, da yawansa a can saman yake zaune: ƙaiƙayin izga a kan tsirkiyar goge, tsit-tsit ɗin tsakuwar caki, ɗan ƙaras ɗin nan da farce ke yi kafin tsirkiyar garaya ta amsa. Idan wuri ya yi ƙaranci, su ake fara korewa.

Matse sauti kamar tankaɗe ne. MP3 ma tankaɗe ne, kada wani ya ce muku ba haka ba, sai dai rariyarsa a kilobit 128 ko 192 ba ta tare abin da kunne zai yi kewa sosai. Rariyar saƙon murya kuwa matsattsiya ce. Magana ta wuce, sauran a zubar.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ban haushi. Wayoyi da yawa suna da dabarar rage hayaniya idan suka ɗauka magana ake yi, don a ji ka ko kana tsakiyar kasuwa. Dabarar ba ta san goge ba. Ta ji sauti dogo mai tafiya ba yankewa, sai ta ɗauka ƙarar janareta ce ko fanka, ta danne shi. Ta ji caki, ta ɗauka iska ce. Shi ya sa za ka ji muryar mawaƙi tana fitowa, kiɗan kuma yana nutsewa yana tasowa kamar mai koyon iyo. Ku saurari waɗannan biyun.

[Daƙiƙa goma na ɗaukar rikoda. Daƙiƙa goma na saƙon murya. Makaɗi ɗaya, zama ɗaya.]

Kun ji cakin a na biyun? Mu ma ba mu ji shi ba. Yana nan ana kaɗa shi, ga hannun yaron kuna gani.

Yadda za ka gane irin wannan fayil ɗin ba sai ka saurara ba. A wayar Android, duba sunansa. Idan ya fara da PTT, sai kwanan wata, sai WA da wasu lambobi, ya ƙare da opus, to saƙon murya ne. Duba girmansa kuma. Waƙar minti 10 da ko kashi ɗaya cikin uku na wancan 9.6 ɗin ba ta kai ba, ka san an yi mata aski. Idan ya ƙare da amr, wannan kuma ɗaukar ƙaramar waya ce, shi ma tsarin magana ne, ya ma fi wancan ƙunci.

Amma ku lura da wani abu, don a yi wa kowa adalci. Idan ka tura wannan saƙon muryar gaba zuwa mutum ɗari, ba ya ƙara lalacewa. Ɓarnar sau ɗaya aka yi ta, lokacin da yatsa ya danne maɓallin. Wanda ya karɓa a hannu na ɗari da wanda ya karɓa a hannu na farko, abu ɗaya suke ji. Saboda haka mai ƙirga hannu, ba hannu zai ƙirga ba. Ya tambaya da me aka ɗauka.

Hanya ta biyu ta ɓarna, wannan kam har kunya take ba mu. Waƙa tana tashi a sifikar wani, kai kuma ka kara wayarka kana ɗauka. 'Yar sifikar waya ba ta iya fitar da kaurin sautin komo ko na kalangu, don haka tun kafin ya iso makirufonka rabi ya tafi. Sannan ka haɗa da carar zakara da sallamar mai wucewa. Malam, ka ce masa ya buɗe Xender mana. Ko sisin data ba ya ci.

Ta uku ita ce doguwar hanya. An ɗauki bidiyo, an ɗora a sitatus, manhaja ta matse. Wani ya sauke ya ɗora a TikTok, an sake matsewa. Wani ya kai Facebook, an ƙara. Sai mai turi ya sauke ya mayar da shi MP3, tankaɗe na huɗu ke nan. A nan kam maganar masu cewa waƙa na tsufa ta yi kusa da gaskiya, domin kowace ɗorawa sabuwar matsa ce. Wai kuma daga ƙarshe sai a juya shi zuwa kilobit 320 a ce maka mai inganci ne. Fayil ya kumbura ya koma megabait 24, sauti yana nan yadda yake. An ƙara wa kunu ruwa, kwano ya cika, gero bai ƙaru ba. Abin da rariya ta zubar babu manhajar da za ta tsinto maka shi.

[Alamar maƙala fayil a WhatsApp, yatsa ya wuce sauran ya taɓa Document.]

Maganin gajere ne. Kuna kusa, Xender ko Bluetooth ko memori. Kuna nesa, taɓa alamar maƙala fayil, zaɓi inda aka rubuta Document, nemo waƙar a nan. Ta wannan ƙofar WhatsApp ba ya taɓa ta, kuma yana karɓar har gigabait 2. Da ta isa, ku gwada lambar girman ku biyu. Ta yi daidai, an gama.

Inda kwafi zai iya cin amanarka shi ne memorin jabu. An rubuta gigabait 32 a jikinsa, cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓa kamar gaske, sunayen waƙoƙi duk suna nan, ka danna wata ta ƙi tashi, wata ta yanke a tsakiya. Haka ma idan aka fizge memori ana cikin turi. Wannan ba tsufa ba ne, karyewa ce. Idan ka sayi sabo, cika shi taf tun ranar, sannan ka kunna daga na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka goge na wayarka.

Ɗaukar kanta kuwa, bari mu bi ta da gudu tunda hoto zai nuna. Buɗe rikodar waya, shiga saiti, zaɓi inganci mafi girma. Idan akwai WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, ya fi, amma yana cin kusan megabait 5 a minti a layi ɗaya (mono), ninki biyu a layi biyu (sitiriyo), sai ka tabbatar da wuri. Kunna alamar jirgi, kada kira ya yanke maka baiti. Makirufo yawanci yana gindin waya kusa da ramin caji, shi za ka juya wajen makaɗi, kuma ka cire yatsanka daga kai. Tazarar taku ɗaya zuwa biyu, a kan turmi ko kujera da ɗan tsumma a ƙasa, ba a hannu ba. Matsa kusa da mai tsirkiya, nesa da mai kalangu, don kalangu ba ya buƙatar taimakon kowa. Idan ya yi wa makirufo yawa sauti zai fashe, kuma fasasshe ba ya gyaruwa. Gwada rabin minti ka saurara da abin kunne tukuna. Lokacin hunturu sa wa gindin wayar safa mai tsabta don ta tare iska. Mai tsabta muka ce.

[Zauren ƙasa mai rufin azara, tabarma a shimfiɗe.]

A ra'ayinmu, wannan zauren ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Bangon ƙasa da tabarma da jikin mutane suna shanye amsa-kuwwa, siminti kuwa maido maka da ita yake yi. Wasu za su ce waje ya fi, gindin bishiya. E, idan iska ta kwanta kuma akuyoyi sun yarda.

Kafin duk wannan, a gaida mai kiɗa. "Baba, sannunku da ƙoƙari. Muna so mu ɗauka mu ba 'yan'uwa su ji, kun yarda?" Idan ya ce a'a, mayar da wayar aljihu. Akwai waƙar da aka yi wa mutum ɗaya, ba ta yawo ba ce. Idan ya yarda, a yi masa alheri, kuma a fara tura wa ɗansa ko yaronsa fayil ɗin na asali kafin kowa. Sannan ka sauya sunan nan take: sunan makaɗi, garinsu, abin kiɗan, shekara. Rumfunan turi cike suke da kiɗan gurmi mai ratsa jiki wanda sunansa kawai Rikodin 47, ka tambayi mai rumfar wane ne, ya ce shi ma haka ya same shi.

[An dawo kan wayar ƙarshe, 'yar rakani-kashi, an jona ta da sifika.]

To ga wadda ta wuce hannu biyar ɗin nan. Ku sa abin kunne idan kuna da shi, ku nemi cakin, yana shigowa bayan amshi na farko. Mu dai mun yi shiru.